Jiragen da Ba Su Jiran Tasha: Tarihin Kamfanin Glenlight

A yammacin Sikotlan ƙasa ba ta yankewa lokaci ɗaya. Teku kan kutsa cikinta ta dogayen lunguna tsakanin duwatsu, sannan ita ma ƙasar ta warwatsu cikin teku ta zama tsibirai: Arran, Islay, Jura, Mull, Tiree, Barra, Lewis da wasu da dama. Mutanen wuraren ba su da yawa, masunta ne da makiyayan tumaki da masu 'yan gonaki, kuma galibin tsibiran ba su da itatuwan kirki. In ban da ƙasar fadama da suke yankowa su shanya su ƙona, kusan duk abin da za a hura wuta da shi ko a gina ɗaki sai an kawo daga babban yanki. Ga shi kuma ƙauyuka da yawa ba su da wurin da jirgi zai jingina ya sauke kaya. Fiye da shekara ɗari, wasu ƙananan jiragen dako ne suka riƙe rayuwar waɗannan wurare, kuma kamfani na ƙarshe da ya gaji sana'ar shi ne Glenlight, wanda aka kafa a 1968 ya janye a 1993. Shekarunsa 25 kacal da wannan suna, amma saiwarsa ta kai tsakiyar ƙarni na 19.

Abin mamaki, ba a teku labarin ya fara ba. A 1790 aka buɗe hanyar ruwa ta Forth da Clyde, wadda aka haƙa da hannu ta ratsa ƙugun Sikotlan daga gabas zuwa yamma, tsawon mil 35. Da yake ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce, sai aka yi wa hanyar matakai. Kowane mataki ɗaki ne na dutse mai ƙofa gaba da baya: jirgi ya shiga, a rufe, a cika ɗakin da ruwa ko a rage, jirgin ya hau ko ya sauka, sannan a buɗe masa ya wuce. Jirgin da ya fi ɗakin tsawo ba shi da hanya. Saboda haka duk mai son aiki a wannan ruwa dole jirginsa ya tsaya a wajen ƙafa 66. Wannan awo, da magina suka yanke tun ba a san jirgin tururi zai yi tasiri ba, shi ya zana surar jiragen da za su yi ta zirga-zirga har bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Da farko dawakai ke jan kwale-kwalen kaya daga bakin gaɓa. An gwada jirgin tururi mai suna Charlotte Dundas a 1803, ya kuma ja kaya lafiya lau, amma masu hanyar suka ji tsoron kada ruwan da yake tayarwa ya zaizaye gaɓar, suka ajiye maganar. Sai a 1856 aka ɗauki wani kwale-kwalen ƙarfe mai suna Thomas aka sa masa ƙaramin injin tururi da farfela. Injin ba ya tattalin ruwa, domin ruwan hanyar mai daɗi ne, ana ɗiba a zuba wa tukunya yadda aka ga dama. Tururin da ya gama aiki sai a sake shi ta bututun hayaƙi, yana fita fuf-fuf da kowane bugun inji, daga nan mutane suka laƙaba wa irin waɗannan jirage suna puffer. Da suka fara leƙa teku a shekarun 1870, ruwan gishiri ya hana wannan almubazzaranci, aka sa musu na'urar da ke mayar da tururi ruwa a sake amfani da shi. Ƙarar ta ɓace, sunan ya zauna.

Jirgin ba kyakkyawa ba ne, kuma ba a yi shi don kyau ba. Gajere ne, mai faɗi, mai dakusasshen hanci, cikinsa kusan duka rumbu ɗaya ne da ke cin kaya wajen tan 100. Inji da tukunya suna can baya, ɗakin matuƙi kuma a tsofaffin jiragen yana bayan bututun hayaƙi, wato mai tuƙi yana leƙen hanya ta gefen bututu da hayaƙinsa. A gaba akwai doguwar sanda guda da hannun ɗaga kaya wanda tururi ke juyawa. Da sana'ar ta bunƙasa sai jiragen suka kasu uku. Akwai na cikin hanyar ruwa kawai. Akwai masu fita bakin kogin Clyde su kai tsibirin Bute da lungun Loch Fyne, su ma ƙafa 66 da ma'aikata uku. Sai kuma na waje, masu zuwa tsibiran Hebrides da mutum huɗu, waɗanda tsawonsu kan kai ƙafa 88. Wannan adadi ma wata hanyar ruwa ce ta yanke shi, ta Crinan, mai mil 9, da aka buɗe a 1801 don ƙananan jirage su huta da zagaya kan Kintyre, inda teku ba ta da sauƙi.

Babban sirrin yana ƙasan jirgin, wanda a shimfiɗe yake. Teku a can tana cika ta janye sau biyu a yini, kuma idan ta janye takan bar fili mai faɗi na yashi. Kyaftin zai zo da cikar ruwa, ya nufi gaɓar da ya sani, ya jefa anga ta baya, ya bar jirgin ya zauna a hankali yayin da ruwa ke zamewa daga ƙarƙashinsa. Cikin 'yan sa'o'i jirgin yana zaune daram a kan tudu. Mutanen ƙauye su fito da kekunan doki, daga baya da taraktoci, su jera a gefensa. Ma'aikata biyu su shiga rumbu da shebur suna cika manyan bokitan ƙarfe da kwal, mai inji ya ɗaga, a juye a keke. Ana yi ana kallon teku, domin da ta juyo aiki ya tsaya, ko an gama ko ba a gama ba. Sau da yawa sai an yi janyewar ruwa biyu ko uku kafin rumbu ya zama wayam. Aikin yana da haɗari irin nasa. Dutse guda da ke ɓoye cikin yashi ya isa ya huda jirgi mai nauyin kaya, iska kuma in ta juya tana iya tura shi can sama inda ruwan gobe ba zai ɗaga shi ba. Don haka ilimin kyaftin ba na taswira kaɗai ba ne. Ya san wace gaɓa ce mai laushi, wace ce ke canzawa bayan hunturu, wace iska ce ke hana kwana a wane lungu. Matsayin jirgin a can kamar na jaki ne a tsohon gari: lungun da babbar mota ba ta shiga, shi yana kai kaya har ƙofar gida.

Sana'ar ta iyalai ce, kuma iyalai huɗu ne suka haɗu suka zama Glenlight. Mafi girma su ne gidan Hay na garin Kirkintilloch, wanda ke bakin hanyar Forth da Clyde, nesa da teku. 'Yan'uwa biyu, James da John, suka gaji aikin kwale-kwale, suka kuma riƙe wurin ƙera jirage tun shekarun 1860. Da yake hanyar ƙunci gare ta, a kaikaice ake tura sabon jirgi cikin ruwa, ya faɗa ta gefe ya watsa ruwa har ɗaya gaɓar. Suna ƙerawa, suna tuƙawa, suna gyarawa da kansu, kuma sukan raɗa wa jiragensu sunayen al'ummu: Moor, Turk, Saxon, Inca, Boer, Cretan, Spartan. Na biyu shi ne Ross da Marshall na Greenock, 'yan kasuwar kwal da lodin jirage tun shekarun 1870, waɗanda sunayen jiragensu ke ƙarewa iri ɗaya: Starlight, Moonlight, Skylight, Stormlight. Na uku gidan Hamilton ne na Brodick a tsibirin Arran, mutanen tsibiri da suka ƙera jirginsu na farko, Glencloy, da katako a bakin gaɓar garinsu a ƙarshen ƙarni na 19, suka ci gaba da Invercloy da Rivercloy. Na huɗu Colin McPhail, mai jirage masu sunan kwarin Shira da ke kusa da Inveraray. Mai tsaye a gaɓa da ya karanta sunan jirgi ya san gidan da ya fito.

Kayan tafiya yawanci kwal ne, daga ma'adinan Lanarkshire da Ayrshire: na girki da ɗumama gida, na fitilun teku da ke kan duwatsu, na masana'antu. Bayansa akwai bulo, siminti, katako, takin zamani, gishiri, kwalta, wani lokaci har da kayan ɗakin iyalin da ke ƙaura. Dawowa kuma ba a so a yi ta da rumbu wofi, domin dakon hanya ɗaya ba ya biyan kuɗin kwal da albashi. Sai a ɗebo dutsen gini daga Furnace da Crarae a bakin Loch Fyne, ko faifan dutse na rufin ɗaki, ko yashi, ko ciyawar teku da ake sarrafawa. Tsibirin Islay ya fi ko'ina riba saboda masana'antunsa na giyar wiski: a kai musu kwal da sha'ir da gangunan wofi, a komo da cikakku. Wannan ciniki na zuwa da dawowa shi ne ƙashin bayan lissafin kamfanonin, kuma a nan ne daga baya aka fara karya su.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun nuna wa hukuma amfanin jirgin da ta saba rainawa. A na farko an yi amfani da su wajen kai wa manyan jiragen yaƙi ruwa da abinci da kwal a matsugunan rundunar ruwa irin su Scapa Flow. Da na biyu ya zo, rundunar ruwan Birtaniya ba ta tsaya neman sabon zane ba. Ta ɗauki fasalin Anzac da Lascar, jirage biyu da aka ƙera wa gidan Hay a 1939, ta sa aka yi mata fiye da 100 irinsu, akasarinsu a Ingila kuma masu injin tururi. Ba a ba su suna ba sai haruffan VIC da lamba. Bayan yaƙi aka sayar da da yawa da araha, kamfanonin Clyde suka saya suka sabunta garkensu. Alherin yana da ƙaiƙayi a ciki. Jirage masu arha na tsohon fasali sun sa an jinkirta komawa dizal da shekaru, a daidai lokacin da duniya ke sauyawa.

Yawancin mutanen Birtaniya ba ta hanyar kwal suka san waɗannan jirage ba, ta hanyar dariya suka san su. Tun 1905 marubuci Neil Munro, ɗan Inveraray, ya fara buga gajerun labarai a jaridar Glasgow Evening News game da wani kyaftin mai wayo, Para Handy, da jirginsa Vital Spark. Labaran sun karɓu ƙwarai, BBC ta mayar da su wasan talabijin fiye da sau ɗaya, a 1954 kuma aka yi fim mai suna The Maggie wanda aka ɗauka da jiragen gidan Hay. Ban ƙi labaran ba, domin sun adana yanayin mutanen da harshensu. Amma sun bar wa jama'a hoton ma'aikata masu zaman shan shayi da zolayar juna, alhali mutane ne da ke kwana a ɗan ƙuntataccen ɗaki a hancin jirgi, suna kwashe tan 100 da shebur cikin sanyi da ruwan sama, suna ratsa mashigin Minch da jirgin da ko a ruwa kwance tafiyarsa a hankali ce. Ina ganin wannan hoto na barkwanci ya yi wa sana'ar illa daga baya. Abin da aka saba yi wa dariya da wuya a ɗauke shi da muhimmanci ranar da yake neman agaji a gaban hukuma.

Daga shekarun 1950 ƙasa ta fara zamewa. Hukumar lantarki ta arewacin Sikotlan, wadda aka kafa a 1943, ta riƙa kai wuta ƙauyuka da tsibirai, gas na tukunya da man dizal suka shiga gidaje, buƙatar kwal ta yi ta raguwa. Albashi ya tashi, samari kuma suka daina sha'awar aikin shebur. Kamfanonin suka amsa ta hanya biyu. Ta farko dizal: Glenshira na 1953 ya buɗe sabon zamani, aka kuma cire tukwane daga wasu tsofaffi aka sa musu inji, kamar yadda aka yi wa Spartan a 1961. Cire tukunya da rumbun kwal na ba da ƙarin wurin kaya, ga sauƙin tashi ba sai an kwana ana hura wuta ba. Ta biyu haɗewa. Hamilton da McPhail sun riga sun haɗu bayan yaƙi. A farkon 1963 aka rufe hanyar Forth da Clyde, wadda ta haifi sana'ar, kuma a shekarar ce gidan Hay ya haɗu da su aka sami Hay-Hamilton. Tunda awon ƙafa 66 ya daina ɗaure kowa, sababbin jiragen shekarun 1960 suka fi na da girma: Glenfyne da sabon Glencloy a ɓangaren Hay-Hamilton, Raylight da Dawnlight a ɓangaren Ross da Marshall. A 1968 ɓangarorin biyu suka zuba jiragensu wuri guda, suka ɗauki rabin suna daga kowane gida, Glenlight ya tsaya da ƙafarsa.

A wannan shekara dai, wani sabon kamfani mai suna Western Ferries ya fara kai wani jirgi, Sound of Islay, tsakanin Kennacraig da ke babban yanki da tsibirin Islay. Jirgin yana da ƙofa da ake saukewa ta zama gada, babbar mota ta shiga da kayanta ta fita da kayanta. Ba shebur, ba bokiti, ba jiran janyewar ruwa. Mai masana'anta da a da sai ya tara kayan da za su cika rumbu kafin ya kira jirgi, yanzu yana iya aika mota ɗaya yau, wata jibi, daga ƙofarsa zuwa ƙofar mai saye. Cikin ɗan lokaci cinikin wiski na Islay ya koma kan taya. A 1973 aka haɗa manyan kamfanonin fito biyu na gwamnati aka sami Caledonian MacBrayne, wanda ya bi tsibiran ɗaya bayan ɗaya da irin waɗannan jirage, gwamnati na gina masa tashoshi tana kuma cike masa giɓin asara kowace shekara.

Ba laifi ba ne a tallafa wa jirgin fito. Mutumin tsibiri yana da haƙƙin zuwa asibiti da kasuwa kamar kowa, kuma jiragen da ke ɗaukar mota sun sauƙaƙa rayuwa ta hanyoyin da puffer bai taɓa iyawa ba. Matsalar ita ce tallafin bai tsaya ga fasinja ba, ya rage wa babbar mota kuɗin tsallaka teku, ta zo tana gasa da jirgin da ke biyan komai daga aljihunsa. Kaya masu tsada da sauƙin ɗauka suka tafi wa mota, aka bar wa Glenlight masu nauyi da arha: kwal, gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara, tsakuwa, katako. Su ne kayan da teku ta fi dacewa da su, amma ribarsu siririya ce, kuma ba kullum ake samun na dawowa ba.

Shekarun 1970 sun zo da asara a teku ma. Stormlight ya hau duwatsu a Jura a 1973, Raylight ya nutse kusa da gaɓar Ayalan ta Arewa a 1975. Sauran tsofaffin aka yi ta sayarwa ko yankawa, Spartan ya yi aiki har 1980. A madadinsu kamfanin ya sayi jiragen gaɓa na hannu masu ɗaukar tan ɗaruruwa, ya ci gaba da raɗa musu sunayen gidajen biyu. Jiragen ƙarshe na Glenlight ba su yi kama da Thomas ba ko kaɗan, amma aikin bai canza ba: kai kaya masu nauyi ƙananan wurare da manyan kamfanoni ba sa kallo. A shekarun 1980 gwamnati ta amince da ba da rangwame kan kuɗin dakon irin waɗannan kaya zuwa tsibirai, abin da ya ba kamfanin numfashi. Ya kuma nemi sabuwar hanya a dazuzzukan da aka dasa a yankin Argyll na yammacin Sikotlan bayan yaƙi, waɗanda suka isa sara, har ya gwada jan babban kwale-kwalen ƙarfe da ake jinginawa a gaɓa a loda masa gungume inda babu tasha, wato tsohuwar dabarar zama a kan yashi da sabon kayan aiki. Amma lissafin bai tsaya ba sai da tallafi, kuma a 1993 tallafin ya yanke. Kamfanin ya janye daga hidimar tsibirai, ba a daɗe ba ya naɗe tabarmarsa.

A ganina hukuma ta auna abin da ke fita daga baitulmali a shekara, ba ta auna abin da zai biyo baya ba. Tan ɗari biyar da jirgi ɗaya ke ɗauka, in aka mayar da shi kan titi, manyan motoci ne wajen ashirin, a kan hanyoyin Argyll da tsibirai waɗanda da yawansu layi ɗaya ne, an shimfiɗa su a kan ƙasa mai laushi. Gyaransu kuma daga aljihun jama'a yake fita. Sannan akwai abin da ba ya shiga takardar kasafi: mutanen da suka san gaɓoɓin nan ɗaya bayan ɗaya sun watse, kuma irin wannan sani ba ya dawowa don an sake ware kuɗi.

Kaɗan daga jiragen sun tsira. Spartan, wanda gidan Hay ya ƙera a Kirkintilloch a 1942 da lambar VIC 18, yana gidan tarihin jiragen ruwa na Sikotlan a Irvine. VIC 32, da aka ƙera a Thorne ta Yorkshire a 1943, har yanzu yana tafiya da tururi daga Crinan, sai dai rumbunsa ya zama ɗakunan kwana na masu yawon buɗe ido. Katakon Argyll kuwa bai daɗe a kan titi shi kaɗai ba. A shekarar 2000 aka fara wani shiri mai suna TimberLINK, wanda ke ɗebo gungume ta teku daga Ardrishaig da Campbeltown da Sandbank zuwa Troon a Ayrshire, don a rage manyan motoci a hanyoyin yankin. Da kuɗin gwamnati aka fara tafiyar da shi, shekara bakwai bayan an ce wa Glenlight babu.